Zanen da Muka Ba da Aro

Bara waccan aka rushe gidan da na tashi a cikinsa a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, aka jera shaguna a wurin. Ban je na gani ba sai kwanan nan, da wata hidima ta bi da ni ta layin. Na sa mai napep ya tsaya, na leƙa. Daidai inda rumfar Gwaggo take a da, yanzu shagon masu surfanin inji ne. Injin yana ta ɓaɓatu shi kaɗai, allurai suna hawa suna sauka kamar ana korarsu, mai shagon kuwa ko kallonsa ba ya yi, wayarsa yake latsawa. Kafin in gama gyara mayafina an gama wuyan riga guda. Na ce wa mai shagon, "Ɗana, wa ya zana wannan furen?" Ya ce, "Mama, a waya muke saukowa da shi." Na sa masa albarka na koma na zauna. Ba shi da laifin komai. Sai dai tun daga ranar wani abu da na daɗe ina dannewa ya taso mini, ya ƙi kwanciya.

A lokacin da nake magana ba a ba mu jiha ba tukuna, Birnin Kebbi gari ne da mutum zai ratsa da ƙafa yana gaisawa da kowa. Da safe ba ƙarar babur ke tashe mu ba, luguden mata ne daga gida zuwa gida, da kukan jakunan da ke hawowa daga fadama ɗauke da albasa. In iska ta kaɗo daga gulbi, har warin laka da na kifin da ake banda sai ka ji. Ni a hannun Gwaggo na tashi, yayar mahaifina. 'Ya'yanta ba su rayu ba, mijinta ya rasu, sai aka ba ta ni tun ina tatata. Mace ce doguwa, marar yawan dariya, mai tsabta har ta ɓaci. Aikina kafin rana ta yi zafi shi ne in cika randuna daga rijiya, in share tsakar gida, in baza shinkafar da aka turara a kan tabarma, in zauna ina korar kaji. In na gama sai ta turo mini auduga in gurza, in fitar da gurya, ita kuma ta shiɓe ta, ta dangwali alli ta kama mazari. Yaran yanzu sun ɗauka zare a kanti ake haifarsa. Mu mun san shi tun yana fure a gona.

Masaƙarta ƙarama ce, itatuwa ne kawai da aka jingina da bangon rumfa, ba ta kai faɗin ƙofar ɗaki ba. A gabanta take zama bisa 'yar kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya. Ta ratsa abawa, ta ɗaga akwasha, wato wannan itacen mai kama da takobi da ake danne zare da shi, ta buga. Tim. Ta sake ratsawa, ta buga. Wannan sautin shi ne agogon gidanmu. In ya yi sauri, ranta a ɓace yake, kowa ya kama kansa. In ya yi sanyi-sanyi, to za ka iya roƙonta ƙuli-ƙuli. Ba ta yabon aiki. In na kawo mata ɗinki ta juya bayansa take fara dubawa, ba gabansa ba. In ta ga ƙulli ko zare ya yi tsalle, sai ta miƙo mini ta ce, "Kwance shi, ɗiyag ga. Gaba na mutane ne, baya naki ne." Na sha kuka a kan wannan maganar.

A ɗakunan da ke kusa da zaure akwai 'yan haya, Kiristoci daga can ƙasar duwatsu ta tsakiyar Najeriya. Mijin direban babbar mota ne a wata ma'aikata, matar kuma kowa Maman Ladi yake ce mata. Gajeriya ce mai fara'a, ba ta aiki sai da waƙa a bakinta, waƙoƙin cocinsu na Hausa, a hankali kamar mai lallashin jariri. Sana'arta duwatsun ado. Tana da gwangwanaye cike da su, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, wasu ƙanana kamar ƙwayar gero. Takan zuba su a faifai ta riƙa tsinta da bakin allura, ta jera su a kan jakunkuna da huluna na jarirai. Akwai wani ƙullin tsumma da ba ta taɓa buɗewa don sayarwa. Na mahaifiyarta ne, tsofaffin duwatsu masu nauyi, waɗanda ta zo da su daga garinsu. Ita da Gwaggo ba su taɓa zama sun yi gardamar addini ba. Da azumi Maman Ladi ke taya mu dakan kunu, da Kirsimeti kuma mijinta yakan kawo zakaru wa malamin unguwa ya yanka don mu ma mu ci.

Ta huɗunmu ita ce wadda zan kira Ta Gulma, don haka Gwaggo take kiranta. Ɗiyar wata aminiyar Gwaggo ce daga Gulma, mahaifinta manomin shinkafa ne mai abin hannunsa. Da uwarta ta rasu aka kawo ta gidanmu don ta yi makaranta. Sa'ata ce. Tabarma ɗaya muke kwana, akushi ɗaya muke ci, in aka yi wa ɗaya kitso sai an yi wa ɗayar irinsa. Zan faɗi gaskiya, ta fi ni hannu nesa ba kusa ba. Ni sai an zana mini nake bi. Ita kuwa da gawayi za ta zana kifi a kan ƙyalle, ka rantse yanzu zai motsa wutsiya. Ita kaɗai na taɓa gani Gwaggo ta juya bayan ɗinkinta ta mayar mata ba ta ce komai ba. Ban ji haushi ba a lokacin. Alfahari nake yi da ita, ina bin ta kamar jela.

Wata rana da la'asar, ana zaune a rumfa kowa da aikinsa, wani ƙyallen saƙa na Gwaggo ya faɗo kan faifan Maman Ladi. Maman Ladi ta ɗauka, da wasa ta jera duwatsu shuɗɗa a bakinsa, ta ɗaga. Duk muka ajiye aiki muna kallo. Gwaggo ta karɓa ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce, "Uwar Ladi, mi zai hana mu yi guda babba? Ni in saƙa, ɗiyan ga su yi surfani, ke ki sa duwatsunki." Maman Ladi ta ce, "Na wa zai zama, Gwaggo?" Ta ce, "Na gidan ga."

Haka aka fara. Ban iya cewa ga yawan daminar da ya ci ba, na dai san an fara shi ina 'yar yarinya, aka gama ina budurwa. Ba kullum ake taɓa shi ba, sai an gama aikin da ake ci da shi. Gwaggo ta saƙa ƙyallaye, wasu farare, wasu da zaren da aka kai marina ya sha baba har ya yi baƙi-baƙi. Muka haɗa su da allura. Ta Gulma ta zana gulbi ya ratsa tsakiya, da jirgin masunta, da giwan ruwa, da zangarniyar shinkafa ta sunkuyo, da balbelu a gefe. Ita ke fitar da layi, ni ke cike ciki, don na fi ta haƙurin zama. Yatsana na tsakiya har yau akwai kanta a wurin. Da aka zo ƙarshe, Maman Ladi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin mahaifiyarta, ta kwance shi a gabanmu. Gwaggo ta ce, "A'a, wanga gadonki ne." Ta ce, "To, a tsumma zai ƙare? Gara ya zauna inda za a gan shi." Da su ta yi idanun kifaye, ta yi ƙyallin ruwa, ta zagaye bakin zanen gaba ɗaya. In aka ɗaga shi yana da nauyi kamar jariri, in aka girgiza sai duwatsun su yi wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan kwano.

Ba na ɗaurawa ba ne, ba kuma na sayarwa ba. A adakar Gwaggo yake zama, da ganyen ƙamshi a cikinsa. Duk jaririn da aka haifa a gidan ko a dangi, ranar suna a cikinsa ake fito da shi. Da Maman Ladi ta haifi autanta, a cikinsa aka kai shi coci, ya dawo yana ƙamshin turarensu, Gwaggo ta shanya shi ta ninke ta mayar. Ranar da aka kai ni ɗakin mijina, shi aka shimfiɗa na zauna a kai. A yanzu in an haihu, kaya ake cika akwati da su, kowanne da takardar kanti a jikinsa, bayan suna a raba wasu a manta da wasu. Mu abu ɗaya ne, kowa kuma ya san hannun da ya yi kowane lungu nasa.

Shekaru suka ja. Ta Gulma ta wuce makarantar horon malamai, ta fito ta sami aiki a wani ofishi da ke kula da sana'o'in mata. Ni ina gidan mijina a unguwar, kullum sai na leƙa Gwaggo, don idanunta sun fara rufewa. Da farko zare ne ba ta iya sa wa allura, daga baya fuskar mutum ma sai ta ji murya. Yatsunta kuma suka riƙa yin sanyi suna mutuwa, ta ce ji take kamar ta sa su cikin safa. Masaƙa ta tsaya. Abin da ya rage mata shi ne kaɗi, wanda hannunta ya haddace, da kuma zanen. Takan ce in ɗauko mata shi, ta ɗora a cinya, ta riƙa shafawa tana ba ni labarin ranar da aka yi wuri kaza.

Ina da cikin fari, ya tsufa, Ta Gulma ta zo gidan da wata safiya cikin motar ofis. Ta durƙusa har ƙasa ta gai da Gwaggo, ta ce za a yi bikin kamun kifi a Argungu, an ba su rumfa su nuna aikin hannun mata, manyan baƙi za su zo daga ko'ina. Ta ce, "Gwaggo, ki ba ni aron zanen gida. In duniya ta gan shi, za a san akwai masu hannu a ƙasar Kabi. Zan faɗi sunanki da na Maman Ladi a gaban kowa."

Gwaggo ta ɗago kai. Ta ce, "Zanen ga bai taɓa kwana waje ba. Ga 'yar'uwarki ta kusa sauka."

"Ana watsewa zan dawo da shi da hannuna. Ni ce fa, Gwaggo."

Ni ma na sa baki na ce a ba ta, don ban ga abin tsoro ba. Maman Ladi ta yi dariya ta ce, "Ki ce musu idon kifin nan daga kan dutse ya zo." Gwaggo ta laluba ta ciro mabuɗin adaka daga bakin zanenta ta miƙa mini.

Ranar da za a buɗe rumfunan na matsa wa mijina sai da ya kai ni Argungu, duk da nauyin da nake da shi. Ina so in ji an kira sunan Gwaggo in dawo in ba ta labari. Garin ya cika ya batse, kiɗa ta ko'ina, masunta da gorunansu da homa suna ta wucewa zuwa bakin gulbi. Da kyar muka kai rumfar mata. An ja igiya, 'yan doka sun tsaya, mu talakawa muna bayanta. Daga nan na hango shi. An rataye shi a tsakiya, rana ta bugi duwatsun, mutane suna nuna shi da yatsa. Wallahi sai da na yi hawaye don daɗi.

Sai ga manyan baƙi sun iso, a cikinsu akwai matar wani babban mutum da aka ce daga nesa suka zo. Ta tsaya a gaban zanen ta ƙi gaba. Aka miƙa wa Ta Gulma abin magana. Na ji muryarta ta fito ta lasifika, muryar da na sani tun muna raba ɗumame. Ta ce wannan aiki ne da ta ɗauki shekaru tana yi, ita ta saƙa, ita ta zana, ita ta jera duwatsun, don ta nuna abin da macen da ta yi ilimi za ta iya yi da sana'ar gargajiya. Na jira in ji sauran. Babu saura. Aka tafa. Matar ta ce wani abu, manyan da ke wurin suka yi dariya, wani ya raɗa wa Ta Gulma magana a kunne. Ina kallo ta sa hannu ta sauke zanen da kanta, ta ninke shi yadda Gwaggo ta koya mana, gefe ya haɗu da gefe, ta ɗan rusuna ta miƙa wa matar. Aka ɗauki hoto.

Na ɗaga murya na kira sunanta. Kiɗa ya shanye. Na kama igiyar zan tsallaka, wani ɗan doka ya ce, "Ke mai ciki, ina za ki?" Mijina ya riƙe ni. Ina tsaye wani ya karɓi zanen daga hannun matar ya sa a bayan mota.

Sai da jama'a suka ragu na same ta a bayan rumfa tana shan ruwa. Da ta gan ni ta ajiye kofin. Na ce, "Ƙawa, mi kinka yi?" Ta ce in rage murya. Ta ce ba kyauta ba ce, za a kai shi wani nuni ne a dawo da shi, manya ne suka sa ta, ba yadda za ta yi ta ce a'a a gaban mutane. Na ce, "To sunan Gwaggo fa? Shi ma manya sunka hana ki faɗi?" Ta kau da kai. Ta ce, "Ke ba ki san yadda aikin gwamnati yake ba."

Na dawo gida na faɗa wa Gwaggo abin da idona ya gani. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ta ce za a maido shi?" Na ce haka ta ce. Ta ce, "To za a maido shi. Ni na rene ta."

Na haihu, namiji. Aka yi suna, aka fito da ɗana a cikin tawul na kanti. Mata suna ta tambaya ina zanen gida, Gwaggo tana cewa yana hanya. Ba a jima ba muka ji an ƙara wa Ta Gulma girma, an tura ta wani kwas a wajen ƙasa saboda hazaƙarta a aikin hannu. Ta tafi ba ta yi mana sallama ba. Yarona ya yi zaune, ya yi rarrafe, ya fara tafiya. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai Gwaggo ta ɗaga kai.

Ranar da Ta Gulma ta dawo, da hantsi ne, ina gidan ina yi wa Gwaggo tsifa. Ta shigo da ƙamshin turare da ƙunshi a hannu, ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ga amanarki na kawo." Ta warware ta shimfiɗa mata a cinya. Kallo ɗaya na yi masa na gane ba shi ba ne. Gulbin yana nan, kifayen suna nan, don hannun da ya zana na farko shi ya zana wannan. Amma ƙyallen yadin kanti ne mai kaurin zare, surfanin na keken ɗinki ne, duwatsun kuwa na roba ne masu sheƙi. Ta ɗago ta dube ni, ta ɗan girgiza kai, wai in yi shiru.

Gwaggo ta ɗora matattun yatsunta a kai tana shafawa, fuskarta ta washe yadda ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ban hwaɗa muku ba? Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Allah shi ba ki masu yi miki yadda kinka yi min." Ta Gulma ta ce amin.

Wannan amin ɗin ne na kasa haɗiyewa. Na ce, "Gwaggo, ba shi ba ne."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Mi kinka ce?"

"Ba zanenmu ba ne. Wani ne anka yi."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Ta ce, "Tun kuna ƙanana na san ta fi ki hannu, amma ban san abin ya zame miki ciwo ba. Yarinya ta tahi ta ɗaukaka, ta dawo da amana, ke kuma ki tarbe ta da wagga magana? Tashi ki ba ni wuri."

Na rayu shekaru masu yawa bayan wannan, na binne miji, na binne ɗa, amma ban manta yadda maganar nan ta shige ni ba. Matar da na yi wa jagora zuwa bayan gida, na tauna mata goro da haƙoranta suka zube, ita ce ta kira ni mai hassada. Wadda ta jawo abin kuma tana durƙushe, kanta a ƙasa, ba ta ce uffan ba. Da ta buɗe baki ta ce, "Gwaggo, ki bar ta, gaskiya ta faɗa," da na yafe mata zanen a wurin. Ta bar ni na tashi na nufi zaure da kuka.

A zaure na yi karo da Maman Ladi ta dawo daga kasuwa. Ta ji an ce zane ya dawo, ta ajiye kwandonta ta shiga da murna, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta kama bakin zanen. Waƙar da ke bakinta ta yanke. Ba ta dubi Ta Gulma ba. Ta kama dutse ɗaya ta kai bakinta ta ɗan ƙwanƙwasa shi da haƙori, sannan ta ce a hankali, "Gwaggo, na mamana suna da sanyi. Ko da rana tsaka, in kin sa a kumatu za ki ji sanyi." Ta ɗaga gefen zanen ta manna wa Gwaggo a kunci.

Gwaggo ta daɗe a haka. Sannan ta janye fuskarta, ta tattara zanen daga cinyarta ta ajiye a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ta Gulma, ɗauki kayanki." Ta Gulma ta fara magana, wai matar ta bar ƙasar, wai ta yi iya ƙoƙarinta, wai ta yi wannan ne don kada ran Gwaggo ya ɓaci. Gwaggo ta ce, "Na ji. Ɗauki kayanki." Ta ɗauka ta fita, ta raɓa ni a zaure kamar ba ta san ni ba.

Gwaggo ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, mutanen da ba sa faɗa wa na ƙasa da su haka. Washegari dai ta aika a kira ni, ta ce in zo in ƙarasa mata tsifar da na bari. Ina tsefewa ta kamo hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Daga ranar ba ta ƙara neman mazari ba. Ta sa aka kwance masaƙa, itatuwan suka zauna a bayan ɗaki har gara ta cinye. Ba ta ƙara shekara biyu ba a duniya. Maman Ladi kuwa, da mijinta ya yi ritaya suka koma garinsu. Ranar tafiya na ce mata, "Mama, ki yafe mana duwatsun mahaifiyarki." Ta ce, "Ni na ba da su da hannuna, ɗiyata. Abin da ya fi mini ciwo, na so Ladi ta fito da nata ɗan a ciki." Ban ƙara ganinta ba.

Ni ban bar allura ba. Na yi huluna, na yi majanyi, na aurar da 'ya'ya da abin da na samu. Amma ban ƙara haɗa hannu da kowa a kan ƙyalle ɗaya ba. Jikokina sukan ce in koya musu, su zauna rabin yini su ce bayansu ya gaji, su koma wa wayoyinsu. Ba na matsa musu. Zaman rumfar nan, inda mace huɗu za su sa hannu a abu ɗaya ba wadda ta ce nata ne, shi ne abin da ban san yadda ake koyar da shi ba.

Ta Gulma ta yi nisa a aiki, ta je Makka ba sau ɗaya ba, ta gina gida a Gwadangaji. Gari ɗaya muke, amma Birnin Kebbi ta yi girman da mutum biyu za su shekara ba su haɗu ba in ba su so. Sai watannin baya, a wajen wani suna, na shiga ɗakin tsofaffi na same ta zaune a kan kujera, sanda a gefenta, ta rame, ta yi furfura kamar ni. Ta gane ni nan take. Ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, ta ce wa 'yan matan da ke wurin, "Kun ga wannan? Tare muka tashi, akushi ɗaya. Gwaggonmu ta koya mana aikin da babu mai iya shi yanzu." Aka kawo jaririyar a cikin farin tawul, aka ɗora mata a cinya. Ta dube ta, ta dube ni, fuskarta a sake, ko alamar nauyi babu. Ta ce, "Af, ƙawa, zanen nan na gida da ake fito da jarirai a ciki, yana wurinki ko? Ai da kin kawo shi."

Na dube ta da kyau, ina neman ko wasa take yi, ko tsufa ne ya taɓa ta, ko kuwa ta faɗa wa kanta wani labarin ne har ya zauna mata. Ban gane ba, har yau kuma ban gane ba. 'Yan matan sun zuba mini ido suna jiran amsa.

Na zare hannuna daga nata. Na ce, "Hajiya, aro muka ba ki. Har yanzu muna jira."